ZUNGERU: GARIN DA HANYA TA HAIFA



Matafiyin da ya taso daga Minna ya nufi Kwantagora, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 60, zai iske wani ɗan gari a bakin kogin Kaduna. Direba yakan tsaya a nan ya duba ruwan mota, fasinjoji su sauka su yi salla, su sayi busasshen kifi ko ƙwaryar doya, sa'an nan a ci gaba da tafiya. Da wuya a cikinsu a sami wanda zai tuna cewa daga wannan ɗan gari ne aka mulki dukan Arewacin Nijeriya har wajen shekara 15. Sunan garin Zungeru, yana cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja, kuma a kansa ne wannan lacca za ta yi magana.

Akwai garuruwan da kasuwa ta kafa, akwai waɗanda ganuwa ta kafa, akwai kuma waɗanda malami ya sauka almajirai suka kewaye shi. Zungeru ba ta cikin ko ɗaya. Hanya ce ta haife ta, hanya ce ta ɗaukaka ta, kuma duk sa'ad da hanya ta sake fuska, sai arzikin garin ya bi ta. Kogi, da dogo, da titin mota, da wayar lantarki, kowanne ya zo da rabonsa, amma kowanne wucewa yake yi. Abin dubawa shi ne, me kowannensu ya bari a baya.

Wuri da Suna

Ƙasar da Zungeru take ƙasa ce ta Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, tana maƙwabtaka da Nufawa ta kudu, da Kamukawa ta arewa. A ƙarni na 19 yankin ya sha wuyar hare-hare. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya kafa Kwantagora, ya mai da Wushishi ɗaya daga cikin sansanonin yaƙinsa, ɗansa Ibrahim kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta kudu ga rundunonin Bidda. Saboda haka mutane da yawa suka haye duwatsu, filayen bakin kogi suka zama ba kowa sai 'yan ƙauyuka na masunta da mafarauta.

Game da suna, labarin da ake bayarwa a garin shi ne, wai Turawa sun tarar da wani Bagwari yana kaɗa wani abin kiɗa da ake kira dunguru, suka tambaye shi sunan wurin, shi kuwa ya zaci abin da ke hannunsa suke nufi, ya faɗa musu, bakinsu ya juya shi ya koma Zungeru. Irin wannan labari na Bature mai kuskuren ji, kusan kowane gari na gefen dogo yana da nasa, don haka sai a karɓe shi a matsayin hikaya. Hausawan da dai Dungurum suke cewa.

Zamanin Hedkwata

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Sarauniya. A lokacin shelar baki ce kawai, domin ikonsa bai wuce gaɓar Kwara da Binuwai ba. Ya zauna a Jabba, amma zuciyarsa tana kan Zariya da Kano da Sakkwato, kuma yana neman wurin da zai matsa kusa da su ba tare da ya rabu da ruwa ba, gama ta ruwa ne harsashi da abinci da wasiƙu suke zuwa masa daga teku. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bidda, hanyar kogin Kaduna ta buɗe. A 1902 ya kwashe ma'aikatansa ya koma Zungeru.

A nan ne matsalar farko ta bayyana, wadda kuma ita ce ta bi garin har ƙarshe. Kogin Kaduna ba ya ɗaukar jirgin ruwa har Zungeru. Duwatsu sun tare shi, kuma ko a ƙasa da nan ɗin, sai da damina ne jirgi mai nauyi yake iya hawowa. Don haka tun 1901 aka shimfiɗa wani siririn dogo, mai faɗin ƙafa 2 da rabi, daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya aka ja shi har Barijuko, tsawonsa duka wajen mil 22. Wannan shi ne jirgin ƙasa na farko da ya taɓa tafiya a Arewacin Nijeriya. Watau tun ranar da aka kafa ta, Zungeru hedkwata ce da sai an yi mata ciko kafin a kai gare ta.

Duk da haka, abubuwan da aka ƙulla a wannan wuri ba ƙanana ba ne. A nan aka shirya yaƙin da ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ran 15 ga Maris, ya ƙare a Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. A nan wayar tangaraho ta iske Lugga a Fabrairun 1906 da labarin cewa mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, sun kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, alhali kuwa yawancin dakarunsa suna can ƙasar Tibi. Daga nan aka aika da umurnin da ya sa aka shafe Satiru daga doron ƙasa a watan Maris na wannan shekara. Wanda zai yi alfahari da Zungeru, wajibi ne ya haɗa da wannan a cikin lissafinsa.

Bayan bindiga sai takarda. Tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda ya haifi En'e, a ofisoshin Zungeru aka rubuta ƙa'idojinsa aka rarraba wa Razdan-Razdan na larduna. Dokar haraji ta 1906 da dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sa dukan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, duk a wannan zamani aka yi su, kuma mai nazarin dokar mallakar ƙasa ta 1978 zai ga inuwar ta 1910 a cikinta. Har wa yau, a zamanin da Zungeru ke hedkwata ne gwamnati ta tsai da shawarar rubuta Hausa da haruffan boko a cikin ayyukanta maimakon ajami. Ashe ke nan haruffan da ake buga littattafan Hausa da su a yau suna da alaƙa da wancan ɗan gari mai busasshen kifi.

Akwai wani gida a Zungeru da ba a cika ambatonsa ba, watau Gidan 'Yantattun Bayi. Yaran da aka ƙwace daga hannun fataken bayi, waɗanda ba a san garinsu ba, wasu ma ba su iya faɗin sunan iyayensu, a nan ake tara su, ana koya musu wanki da ɗinki da aikin lambu. A 1909 gwamnati ta rufe gidan, ta miƙa yaran ga ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission, aka kai su Rumasha a bakin Binuwai. Su ma, kamar sauran abubuwan Zungeru, zango suka yi suka wuce.

Yadda Dogo Ya Ɗauke Mulki

Lugga ya bar ƙasar a 1906. Wanda ya gaje shi a 1907, Girouard, injiniyan reluwe ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan, kuma don dogo aka kawo shi. Aka fara layi daga Baro a bakin Kwara, mai tsawon kimanin mil 350, ya isa Kano a 1911. Wannan layi bai bi ta Zungeru ba, ta Minna ya bi. Layin Ikko kuwa, wanda ya taso ta Badun da Ilori da Jabba, shi ne ya ratsa Zungeru, amma ya je ya haɗu da na Baro a Minna. Wannan magana ta mahaɗa ita ce ta raba gardama tsakanin garuruwan biyu. Inda layi biyu suka gamu, nan ake juya taragu, nan ake gyaran inji, nan ma'aikata ke tarewa da iyalinsu, nan kantunan Turawa ke buɗe rassa. Zungeru ta sami tasha, Minna ta sami mahaɗa. Shi kuwa ɗan siririn dogon Barijuko, da aikinsa ya ƙare sai aka tumɓuke shi, aka yi amfani da kayansa wajen gina ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos.

Da Lugga ya komo a 1912 don ya haɗa Kudu da Arewa, sai ya ga Zungeru ba ta yi masa ba. Zafinta ya yi yawa, ga sauro, ga ta a gefe nesa da manyan masarautu, kuma dalilin zaɓenta na farko, watau kusanci da jirgin ruwa, dogo ya riga ya kashe shi. Ya zaɓi wani fili a inda layin Kano ya ƙetare wannan kogi na Kaduna ɗin dai, can sama. Aka fara kai sojoji, sa'an nan ofisoshi suka bi, zuwa 1917 ƙaura ta kammala.

Mutanen Zungeru sukan ce a garinsu aka haɗa Nijeriya a 1914. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce, a ranar da aka haɗa ɗin Zungeru ce hedkwatar Arewa, kuma ta ci gaba da zama haka a ƙarƙashin Mataimakin Gwamna Temple har aka tashi. Amma takardun doka daga London suka fito, kuma a Ikko Lugga ya karanta jawabinsa ran 1 ga Janairu. Darajar garin ba ta bukatar a yi mata ƙari.

Baƙin da Ta Tara

Gwamnati ba ta tafiya sai da akawu, kuma a wancan lokaci Arewa ba ta da 'yan boko. Saboda haka aka ɗebo ma'aikata daga Ikko da Anaca da Saliyo da Gwalkwas, ga sojoji Hausawa da Yarabawa, ga 'yan dako, ga kuku da boyi, ga fatake masu bin bariki. A cikin akawunan nan akwai wani mutumin Anaca wanda aka haifa masa ɗa ran 16 ga Nuwamba 1904, aka sa masa suna Nnamdi. Shi ne Dokta Azikiwe, Gwamna-Janar a 1960, Shugaban Ƙasa na farko a 1963. Hausa ya tashi da ita a bakinsa, har sai da ya kai shekara 8 aka aika da shi gida don ya koyi harshen iyayensa.

Ran 4 ga Nuwamba 1933 kuma aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a wannan gari, ɗan wani attajiri da ya yi arziki da motocin sufuri. Shi ne ya yi shelar ɓallewar Biyafara a 1967. A lura da bambancin iyayen nan biyu: na farko alƙalamin gwamnati ya kai shi Zungeru, na biyu kuwa sana'arsa ta bin hanya ce. A tsakanin haihuwar yaran nan garin ya tashi daga fadar mulki ya koma zango.

Abin da Garin ke Ci

Bayan ƙaura, jirgin ƙasa ne ya riƙe Zungeru. Tun daga 1912 taragun gyaɗa da auduga da fatu da shanu suke gangarowa daga Kano su bi ta nan zuwa teku, goro da gishiri da atamfa kuma suna hawowa. Jirgin fasinja in ya tsaya, mata da yara su yi ca a tagogi da tuwo da kifi da rake. Albashin ma'aikatan reluwe, ko da yake ba yawa, a kasuwar garin yake ƙarewa kowane wata. Daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta mai da hankali ga tituna, manyan motoci suka ƙwace kaya daga hannun jirgi, reluwe ta shiga ciwon da har yanzu ba ta warke ba. Sabon dogo mai faɗi da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 bai san da Zungeru ba.

Sai kasuwa ta juya baya ga tasha ta fuskanci titi. Titin da ya ratsa garin shi ne wanda ya haɗa Minna da Tegina, inda ake gamuwa da babbar hanyar da ta taso daga Jabba da Mokwa ta nufi Birnin Gwari da Kaduna. Wani reshe kuma ya bi ta Wushishi da Lemu zuwa Bidda. A gefensa ne rayuwa take: masu faci, da makanikai, da masu shayi, da 'yan kamasho, da masu sai da mai a galan. Abin da ake sayarwa kuwa daga ƙauyukan kewaye yake fitowa. Doya ta Gwarawa ce, shinkafa daga fadamun Wushishi, inda madatsar Tungan Kawo ke ba da ruwan noman rani, ga dawa da masara, ga man kaɗanya da mata ke yi, ga kifin kogi, ga nonon Filani.

Kasuwar gefen titi tana da wani hali da ya kamata a fahimta. Mai saye baƙo ne, yana sauri, ba lalle ya sake dawowa ba. Mai sayarwa kuwa kayansa ɗanye ne, ba shi da wurin ajiya, in bai sayar yau ba gobe ya yi asara. Don haka doya takan bar Zungeru da araha ta isa birni da tsada, ribar tana tsakani, a hannun mai mota da dillali. Shinkafa ta fita da ƙaiƙayinta a casa ta a wani gari. Wannan ba laifin hanya ba ne. Hanya ba ta san wanda ya kamata ta arzuta ba.

Abu guda da gwamnati ta kawo wanda ya zauna bai wuce ba, shi ne makaranta. Bayan an ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka kafa kwalejin share fagen shiga jami'a ta Zungeru, wadda daga baya ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar. Ɗalibi yakan kama ɗaki, ya ci abinci, ya yi aski, ya hau babur, shekara biyu ko huɗu. Mai gidan haya a Zungeru ya fi kowa sanin ranar da ake komawa hutu.

Hanyar da ke kawo ciniki kuma ita ce ke kawo tsoro. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayu na wannan shekara suka ɗauke yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka riƙe su wajen wata uku. A Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina, aka kashe da dama. Garin da ke da masana'anta yana iya jure irin wannan na ɗan lokaci. Garin da abincinsa ke hannun matafiyi kuwa, ranar da direbobi suka sake hanya, ran nan tukunya ba za ta hau murhu ba a gidaje da yawa.

Madatsar Ruwa

Duwatsun nan da suka hana jirgin Lugga hawowa, su ne bayan shekara 100 suka jawo wa garin aiki mafi girma a tarihinsa, domin inda kogi ya matse tsakanin duwatsu nan ne wurin datse shi. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da ginin tashar lantarki ta Zungeru. Kamfanonin ƙasar Sin ne suka yi aikin, a kan kuɗi wajen dalar Amurka miliyan 1,300, kashi 75 cikin 100 rance ne daga wani bankin gwamnatin Sin. An gama a 2023. Tana da injuna 4, kowanne mai ƙarfin megawat 175, jimla 700, watau ta ɗara ta Shiroro mai 600 da ke sama da ita a kan wannan kogi, ta kusa ta Kainji mai 760. A farkon 2024 aka danƙa gudanar da ita ga kamfanin Mainstream, wanda dama ke riƙe da Kainji da Jabba.

A shekarun gini garin ya ga kuɗi: leburori, da haya, da masu abinci, kamar dai zamanin bariki ya dawo. Amma tashar lantarki in an gama ta ma'aikata kaɗan take bukata, wutar kuma manyan wayoyi ne ke ɗaukarta su zuba a cikin rumbun ƙasa baki ɗaya. Ruwan da ya taru a baya ya ci gonaki da ƙauyuka, an ta da mutane, an kuma daɗe ana ƙorafi a kan diyya. Waɗanda ke ƙasa da madatsa su kuma suna zaman ɗar-ɗar da damina, lokacin da ake sakin ruwa. An kafa hukuma ta musamman don raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, hedkwatarta a Minna. Ma'aunin aikinta mai sauƙi ne: ko mai injin casar shinkafa a Wushishi da mai sai da kifi a Zungeru suna samun wutar da za su dogara da ita, ko kuwa kallon wayoyi kawai suke yi suna wucewa ta bisa kansu. Sabon tafkin zai iya ba da kifi da noman rani fiye da abin da yankin ya taɓa gani, in an tsara wa masunta da manoma hanyar shiga.

Abubuwan Kallo

Baƙon da ya yarda ya kwana zai sami abin gani, amma sai ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, don ciyawa ta fi alamomi yawa. Akwai kufan gidan Gwamna da na ofisoshi, ginshiƙai da harsashin gini na jan bulo da dutse. Akwai maƙabartar Turawa, wadda in mutum ya karanta shekarun da ke jikin duwatsunta zai gane dalilin da ya sa aka gudu daga wurin, don da yawansu samari ne zazzaɓi ya kwashe. Akwai tsohuwar tashar jirgi da gadar dogo a kan kogin. Akwai ginin da aka fara don tunawa da Azikiwe, wanda ya shafe shekaru masu yawa ba a kammala shi ba. Ga kuma kogin kansa da rani, sa'ad da ruwa ya janye duwatsu suka fito, masunta suna jefa birgi da sassafe.

Ba ɗaukaka mulkin mallaka ba ne a kiyaye waɗannan kufai. Ɗalibin da aka karanta masa labarin Satiru a aji, in ya tsaya a kan dandamalin ofishin da umurnin ya fito, ya ga ƙanƙantarsa, zai yi tambayar da littafi bai sa shi ya yi ba: yaya aka yi 'yan mutane kaɗan a cikin ɗakuna kamar waɗannan suka juya ƙasa mai faɗin haka? Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne: a share, a kewaye, a kafa alluna da Hausa da Gwaranci da Nufanci da Turanci, a koya wa 'yan samarin garin tarihin don su riƙa yi wa baƙi bayani a biya su. Kowace damina da ta wuce ba a yi ba, wani bango yana faɗuwa, wani kuma ana kwashe bulonsa a yi gini.

Mafi shahara a cikin kayan tarihin Zungeru guda biyu ne, kuma ba ɗayansu da ke garin. Injin ɗan jirgin nan na Wushishi, na farko a Arewa, an kai shi tashar Minna an ajiye. 'Yar gadar ƙarfe da Lugga ya gina kusa da gidansa a 1904, an kwance ta an kai Kaduna, an sake ɗaura ta a lambun Gamji a bakin kogi, inda yara ke hawa suna ɗaukar hoto ranar salla.